Zoben Baba a Jikin Gada

Akwai wata mai ɗinki da shagonta yake daidai bakin gada, a wani gari da kogi ya ratsa. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa har ta tara nata 'ya'yan ba a daina kiranta Auta ba.

Shagon ba wani babba ba ne. Keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka, dutsen guga, sai igiyar da take rataye kayan da ta gama. Amma yana da taga guda, wadda in ka leƙa ta cikinta ginshiƙin gadar ne a gabanka, tun daga inda ya shiga ruwa har sama.

Saboda wannan tagar wata jami'a daga hukumar kula da kogi ta zo ta same ta.

"Damina ta canza hali," in ji jami'ar. "Ruwan da a da yake sauka a hankali, yanzu sai ya zubo lokaci guda. Ana iya yin sa a can ƙasar da ke sama da mu, mu nan rana tana dukanmu, sai dai mu wayi gari kogi ya shigo ɗaki. Mun zana ma'auni a jikin ginshiƙin nan. Abin da muke so, kullum da safe ki ɗauki hotonsa ki tura a manhajar da zan sa miki a waya. Akwai irinki a garuruwan bakin kogin nan har ƙetaren iyaka. Na'ura za ta haɗa hotunanku da na tauraron ɗan'adam, in ta ga haɗari sai saƙon murya ya fita zuwa ga kowa."

Auta ta ce, "Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan. Amma kullum fa."

Auta ta karɓa da hannu biyu, kuma tana da dalili. Mahaifinsu mai fito ne, da kwalekwalensa ya ciyar da su kafin a faɗaɗa gadar. Shekarar da aka yi babbar ambaliya, ya kafa wani zoben ƙarfe a jikin ginshiƙin, daidai inda ruwan ya tsaya. Har Allah Ya karɓi ransa yana faɗa musu, ita da yayanta, cewa ranar da ruwa ya taɓa zoben nan, duk wanda ke kwari ya nemi tudu. Duk hoton da za ta ɗauka, zoben yana ciki, can sama da jan layin haɗari da hukuma ta zana.

Yayan nata yana zaune da iyalinsa a ƙasan kogi, tafiya mai ɗan nisa, a cikin kwari inda ya haƙa tafkuna yana kiwon tarwaɗa. Su biyu kaɗai suka rage. Duk suturar da ke jikinsa da ta 'ya'yansa daga kekenta ta fito, ita kuma tukunyarta ba ta rasa kifi.

A daminar farko saƙon gargaɗi ya fita. Auta ta ruɗe, ta kira yayanta.

"Yaya, ku kwashe. An ce ruwa na tafe."

"Ya taɓa zoben Baba?"

"Bai taɓa ba, amma na'ura ta ce yana zuwa. Don Allah Yaya kada ka tsaya."

Ya ji maganarta. Ya kwashe kifin da bai gama girma ba, dillalai kuwa da suka ga mutum a matse suka yi masa tayin wulaƙanci, ya sallama. Ya kai iyalinsa tudu suka zauna jiran ruwa.

Ruwa bai zo ba. Kogin ya cika, ya tsaya kamu guda ƙasa da zoben, ya koma abinsa.

Daga baya jami'ar ta zo da kanta ta ba da haƙuri. Ta ce ruwan ya taso da gaske, sai dai ya malale cikin wata fadama a can sama, inda ba su da mai ɗaukar hoto ko ɗaya, don haka na'urar ba ta gani ba. Ta ce za su ƙara mutane a wurin. Bayani ne mai kyau, amma bayani ba ya mayar da kifi cikin tafki.

Yaya ya fice daga guruf ɗin waya da ake tura gargaɗin, ya toshe lambar ƙanwarsa. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Kawai wata rana a cikin gari sai ta ga 'ya'yansa sun wuce da sababbin kayan makaranta, ɗinkin wani telan, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ranar ta rufe shago ta yi kuka mai isarta.

Mutanen gari kuma kun san hali. Nan da nan suka raɗa mata suna: Ruwa-na-tafe.

Wanda ya fi kowa iya faɗin sunan shi ne mai askin da shagonsa ke manne da nata. Da ta buɗe taga ta ɗaga waya, sai ya leƙo da almakashi a hannu.

"Ruwa-na-tafe, yau da ƙarfe nawa zai iso? In faɗa wa mai ɗakina ta ƙara awo, kada baƙo ya zo babu abinci."

"In ya zo kai zai fara gaisarwa," ta kan ce, ta ci gaba da abin da take yi.

Wasu masu ɗaukar hoto a wasu garuruwan suka gaji suka bari. Mijinta ma ya yi mata magana cikin lalama.

"Ke ba albashi ba, ba godiya ba, ga ɗan'uwanki ya juya miki baya. Ki bar musu abinsu mana."

Ta ce, "Rashin mai hoto a wuri guda shi ya ja mini wannan bala'in. In na bari, na zama wani ramin da zai ja wa wata irinsa."

Haka ta ci gaba. Rani ya shigo, kogi ya janye har yara na ƙwallo a kan yashi, tana ɗaukar hoton busasshen ginshiƙi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, sai da ta lallaɓa ta zo ta ɗauka sannan ta koma gado. Mai aski yana kallo, yana tsokana, har ya haddace inda take tsayawa da yadda take karkata wayar don lambobin su fito.

Damina ta zagayo. Wata safiya gari ya waye garau, babu ko ɗigon hadari. Auta tana tsakiyar ɗinkin kayan 'yan makaranta da ta yi alkawarin bayarwa a ranar, sai wayarta ta yi irin ƙarar da ba ta manta ba. Saƙon ya ce an kwana ana ruwa a ƙetaren iyaka, fadamar nan ta sama ta riga ta cika, kuma duk wanda ke kwari ya tashi kafin yamma.

Ta leƙa taga. Ruwan ya ƙaru, ya yi ja, amma zoben yana nan a bushe.

Ta zauna, ƙafarta a kan keke amma ta kasa takawa. Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya. In ta yi magana ruwa bai zo ba, ita da Yaya sai dai a lahira. In ta yi shiru ruwa ya zo, akwai yara ƙanana a gidan nan. Ta gwada lambarsa, ba ta shiga. Ta kira matarsa, ba a ɗaga ba, don wayar tana hannun mai gida.

Ta miƙe ta yafa mayafi. Ko tagar ba ta tsaya rufewa ba.

"Ina zuwa haka da rana tsaka, Ruwa-na-tafe?" in ji mai aski.

"Wurin Yaya. In masu kaya sun zo ka ba su haƙuri."

Ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya ga fuskarta, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ta hau babur ɗin haya. Ta iske Yaya a bakin tafki yana watsa wa kifi abinci, kifin sun yi ɓul-ɓul, saura kaɗan su kai kasuwa. Ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya waiwayo ba.

"Yaya, saƙo ya sake fita."

"Na ji a bakin mutane. Ɗaga kanki ki dubi sama, Auta. Kin ga hadari?"

"Ba a nan aka yi ruwan ba."

"Bara ma haka kika ce. Ya taɓa zoben Baba?"

Ƙarya ɗaya za ta yi ya tashi, ita ma ta san haka. Amma ta ce, "Lokacin da na taho bai taɓa ba."

"To, ki gaishe da mutanen gida."

Maƙwabtansa masu lambu da suka taru suka yi dariya, wani ya ambaci sunan nan. Kunya ta rufe ta, amma ba ta motsa ba.

"Yaya, kifinka naka ne, ba zan sake ce maka ka sayar ba. Amma yaran nan da ni da kai muke da su. Ka bar ni in kai su tudu su yini. In ruwa bai zo ba, ka kira ni duk sunan da ka ga dama har in mutu, zan amsa. In kuwa ya zo ina bakin keke na yi shiru, wa zan sake kira Yaya?"

Ya sake watsa wa kifin abinci, sannan ya ce, "Ki yi abin da kika ga dama."

Ta shiga cikin gida. Matar Yaya ta tare ta a bakin ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa. "Tun safe gabana ke faɗuwa, na rasa yadda zan tunkare shi." Suka shiga naɗe katifu, suna cusa tufafi a buhu. Auta ta kira mijinta ta ce ya nemo mota. Ta zaga gida-gida tana kunna wa mata saƙon muryar, wasu suka fara ɗaure kaya, wasu suka ce sai mai gida ya ce.

Motar ta iso bayan azahar. Suna cikin loda kaya wayarta ta yi ƙara. Lambar mai aski ce, ya turo hoto, da saƙon murya a ƙasansa.

"Auta, na ga kin bar taga a buɗe, sai na tsaya inda kike tsayawa. Ban sani ba ko na ɗauka daidai. Ki duba."

Wannan ne karon farko da ya kira ta Auta tun bara.

Ta ɗauki wayar ta nufi bakin tafki ta miƙa wa yayanta. Ya karɓa da yatsu biyu kamar ba ya so. Ginshiƙin gada ne, ga tsagin nan da suka sani tun suna yara. Ya sa yatsa ya buɗa hoton, ya matso da shi kusa da idonsa, yana neman abu guda. Babu zobe. Jan ruwa ne kawai yake murɗawa a inda yake.

Gani ya kori ji. Kwanon abincin kifin ya suɓuce daga hannunsa. Ya juya ga maƙwabtansa, waɗanda duk sun san labarin zoben mai fito, ya ce, "Ku tashi. Ya shanye zoben Baba."

Da a lokacin ne za a fara neman mota da ɗaure kaya, da labarin ya sha bamban, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma yara suna cikin mota, kaya a ɗaure, mata a shirye. Maza suka kora dabbobi, suka ja raga suka kwashi abin da ya samu na kifi. Kafin rana ta faɗi suna tsaye a kan tudu, suna kallon ruwa yana haɗe tafkunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga tsakar gida ya kai ga tagogi. Fiye da rabin kifin ya bi kogi. Da aka duba mutane kuwa, babu wanda aka rasa a duk kwarin.

Yaya bai ba ta haƙuri ba a ranar. Akwai mazan da ba da haƙuri yake yi musu nauyi a baki kamar dutse, shi kuma yana cikinsu.

Bayan ruwa ya janye, wata safiya Auta ta buɗe taga ta ɗaga waya, mai aski yana gefe yana gyara mata tsayuwa wai shi yanzu gwani ne. Sai ta ji sallama a bakin ƙofa. Yaya ne, da ƙullin leda a hammata. Ya zauna a bencin masu jira, ya kwance ledar ya fito da wando.

"Ya yage ranar nan, wurin jan raga."

Ta karɓa ta juya shi, ta dubi bakin ɗinkin. "Wannan ai ba yagewa ya yi ba, Yaya, tun asali ba a ɗinka shi ba. Wane mugun ne ya yi maka wannan aikin?"

"Wani ne. Na daina zuwa wurinsa."

Ta sa wandon a ƙarƙashin allura, amma ta kasa ganin layin ɗinkin saboda hawaye. Shi kuma ya zaro wayarsa ya ajiye a kan teburin yanka, yana kallon ginshiƙin ta taga.

"In kin gama, ki sa mini abin nan naku. An ce a ƙasan kogi ba su da mai ɗaukar hoto."

Darasi: Kada kuskure ɗaya ya sa ka toshe kunnenka daga gargaɗi, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Yanayi ya canza, ruwan da zai ci gidanka yana iya sauka a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, kuma wayar da ke hannunka tana iya zama idon wani da ke ƙasa da kai. In kana yin ƙaramin aikin alheri ana yi maka dariya, ka daure, ka kuma tsaya a kan gaskiya ko da ƙarya za ta fi saurin biya maka buƙata. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labarin, musamman waɗanda ke zaune a bakin ruwa.