Ɗacin da Ba Nata Ba

Dalilin da ya sa maɗaciya take manne da hanta, ku matso ku ji, ku da kuke rububin hanta ranar layya ba ku san wanda ya gyara muku ita ba.

A can da, cikin mutum fili ne fetal. Tumbi ya kwanta inda ya ga dama, Hanji ya miƙe ya tare wa kowa hanya. Da rigima ta ishi Ciki, wato mai gidan, sai ya raba wuri. Ya ba Hanta dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Tumbi da Saifa suka samu hagu, Ƙoda su biyu aka tura su baya, Hanji kuwa aka naɗe shi kewayen cibiya. Sannan Ciki ya ce, "Wanda ba shi da aiki ba shi da ɗaki. Gobe ya bar mini gida."

To, akwai wata 'yar jaka, ba aiki, ko suna ba ta da shi. Ta je wurin Tumbi ta ce, "Kawu, a sam mini gefe."

Ya ce, "Ni kaina in an ci tuwo wurin ba ya isa ta."

Saifa ko sallamarta ba ta amsa ba.

Ta ƙarasa ɗakin Hanta, ta tarar da ita kwance tana nishi. Ta ce, "Inna, lafiya?"

Hanta ta ce, "Ina fa lafiya, 'yar nan. Duk abin da aka ci ni nake tacewa. Mai kyau in raba wa jama'a, ɗacin in haɗiye. Ya taru ya rasa mafita, har idon mutumin namu ya fara yin rawaya."

'Yar jaka ta ce, "Ni ba komai a cikina. Ki zuba mini, ki bar ni in zauna."

Hanta ta dube ta. "Kin san abin da kike roƙo? Wanda ya riƙe wa wani ɗaci, shi ake kira mai ɗaci. Ba mai tambayar inda ya samo."

Ta ce, "Na ji, Inna. Zuba."

Hanta ta zuba, ta samu sauƙi. 'Yar jaka ta cika ta koma kore, ta laɓe a ƙarƙashinta. Da gari ya waye Ciki ya ga tana da aiki, ya ƙyale ta. Amma tun ranar maƙwabta suka sa mata Maɗaciya, kowa yana toshe hanci.

Shi ya sa har yau in an yanka rago za ku ga mahauci yana lallaɓa wuƙa, ya ciro ta a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama, ya jefar. Ni dai tausayi take ba ni. Hanta a gasa ta, a yabe ta, a kai wa manya. Wadda ta sa ta yi daɗin kuwa, ko kare ba ya ɗauka.