Kunnen Jakar Malam Isyaku

An yi wani mutum a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya a raye, wataƙila ma waninsu yana cikin sahun nan. Na san shi, na san gidansa, na sha zuwa garkensa. Abin da zan gaya muku ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba.

Sana'arsa kiwon jakuna. Na ga wasu suna murmushi. Ku yi abinku, amma gidajen Tarauni nawa aka gina da yashin da jaki ya ɗauko? Shi kuwa ba kowane jaki yake kiwo ba. Irin da ya yi ƙaranci yake nema: auraki, wato jan nan dogo mai faɗin ƙirji, da fari tas wanda sai ka zaga kasuwa uku ba ka ga guda ba. Yana da fili ta wajen Darmanawa, ya kewaye shi da shinge. Da safe mata sukan zo da ɗan kofi a tatso musu nonon jaka, wai maganin tarin shiƙa ne ga yara. Hukuncin shan wannan nono malamai sun yi magana a kansa, ba shi ne karatunmu na yau ba.

Allah ya ba shi hannun kiwo. Jakar da ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, in ta yi wata biyu a wurinsa sai mai ita ya kasa gane ta. Amma ba wannan ne jarinsa ba, ya 'yan uwa. Jarinsa maganarsa. In ya ce fari ne, ba mai zuwa ya duba.

Saboda haka mutane suka riƙa kawo masa dabbobinsu kiwo. Gari ya cinye makiyaya, ciyawa ta yi nisa, tsofaffi ba sa iya zuwa yanka. Sai a kai masa jaka a kan sharaɗin da aka saba: haihuwar fari ta mai dabba, ta biyu ta mai kiwo. Kowa yana da shaidar da ya tsaga a kunnen dabbarsa. In ajali ya zo mata a hannun mai kiwo, sai ya yanko kunnen nan mai shaida ya kai wa mai ita, a yi wa juna jaje, magana ta ƙare. Ba wanda ke cewa a kai shi ya ga mushen jaki. Shekara fiye da goma ana haka da shi, kunne biyu kacal ya taɓa kaiwa, kuma duka biyun gaskiya ne.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Kun tuna yadda gari ya rikice. 'Yan siyasa suna rabon babura, yaran da ke kora jaki duk suka yar da sanda suka hau acaɓa. A daidai nan manyan motoci suka fara shigowa suna kwasar jakuna zuwa nesa, inda ake yanka su a ci. Mu nan an haramta mana naman jakin gida, ko ɗan makarantar allo ya sani. Masu motocin nan kuwa manya suke so, masu tsoka, irin na garken mutumin nan.

Wani dillali, Ɗanladi, shi ya fara zuwa masa. Ya tsaya a bakin shinge yana lashe baki ya ce, "Maigida, kana zaune a kan arziki kana tatsar kofi-kofi." Mutumin ya ce yawancinsu ba nasa ba ne, amana ce. Ɗanladi ya yi dariya ya ce, "Amana ba ta mutuwa ne?"

Mutumin ya kore shi ranar. Wallahi ya kore shi, na ba shi wannan. Amma maganar ta zauna masa. Yana ba dabbobi dusa yana tunaninta, yana sallah yana tunaninta. Ya ga sa'anninsa sun shiga siyasa sun fara ginin bulo, shi yana kwasar kashin jaki. Bayan mako biyu shi da kansa ya aika a kira Ɗanladi.

To ga inda aka tsaya. In ya sayar da jakar amana, da me zai je wa mai ita? Dole sai da kunne. Masu mota kuwa da rai suke ɗauka. Ku ji abin da bawan Allah nan ya yi. Ya sa aka danne jaka da ranta, tana kuka tana shure-shure, ya sa wuƙa ya yanke kunnen daga tushe. Ya barbaɗa toka a wurin, aka tura ta mota. Innalillahi! Dabbar da take cin dusa a tafin hannunsa.

Ya naɗe kunnen a tsumma ya kai wa mai ita, wata bazawara a Daurawa. Ya ce ciwon ciki ne ya kama ta. Matar nan ta yi masa godiya, har ta ba shi haƙuri a kan wahalar jinya. Daren farko bai iya cin tuwo ba. Na biyu da ya kai, ya ci ya ƙoshi. Kafin damina ta fita ya kai kunne tara, yana ta faɗi a gari cewa annoba ce ta shiga garke. Kowa ya yarda, don shi ne ya faɗa.

Akwai wani dattijo a Tarauni, Malam Isyaku. Yana da jaka guda irin auraki, ja wur, doguwa. A gidansa aka haife ta, uwarta ma haka, tun daga jakunan mahaifinsa irin ya taho, kuma ita kaɗai ta rage. Shekara bakwai tana turke a ƙofar gidansa. Da ƙafa ta gaza masa, ya ja ta da kansa yana ɗingishi har Darmanawa, ya danƙa igiyar a hannun mutumin nan ya ce, "Ɗana, ciki gare ta. Ka riƙe min ita don Allah, kada irin nan ya ƙare a hannuna." Mutumin ya amsa da hannu biyu.

Wata uku ba su cika ba Ɗanladi ya gan ta ya ce ita yake so. Kuna tsammani mutumin ya tuna da ɗingishin tsoho? Ko kaɗan. Ranar wata Talata da hantsi aka danne ta, aka yanke kunnen, aka loda ta da cikinta.

Bayan azahar mutumin ya sa wankakkiyar riga ya tafi Tarauni. Ya sami Malam Isyaku a zaure tare da maƙwabta uku. Ya durƙusa, ya warware tsumma, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Jiya ta kwanta, yau da safe ta cika." Tsoho ya ɗauki kunnen, ya shafa tsagar da ya yi da hannunsa, hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Ba ta sha wahala ba dai?" Mutumin ya ce ko kaɗan. Ba wanda ya nemi ya rantse, amma ƙarya ba ta tsayuwa da ƙafarta, sai ya ƙara da cewa ya rantse da Allah a gabansa ta mutu, shi ya ja mushen zuwa daji.

Abin da bai sani ba, motar ba ta yi nisa ba. Tana wuce Unguwa Uku ta lalace a titin Zariya. Aka sauke dabbobi a gefen hanya don a yi gyara, jakar nan ta fizge igiya ta kama hanya. Jaki ba ya ɓata gida, duk wanda ya taɓa kiwonsa ya sani. Ba ta nufi Darmanawa inda aka yanke ta ba. Ta ratsa motoci, ta bi lungu-lungu, ta nufi inda aka haife ta.

Suna cikin shafa fatiha sai suka ji kuka a ƙofar zaure. Malam Isyaku ya ɗaga kai. Ga ta tsaye a turkenta, kunne ɗaya, jini da toka sun bushe mata a gefen fuska, ƙuda na bin ta. Ɗayan kunnen yana hannun tsoho.

Malam Isyaku ya dafa bango ya miƙe, ya je ya rungume wuyanta. Ya juyo ya dubi mutumin ya ce, "Da ka sayar, da ka gaya min. Me ta yi maka ka yanke ta da rai?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kafin la'asar labari ya cika Tarauni, ya tsallaka Ƙauyen Alu. Duk wanda aka taɓa kai wa kunne ya fito, bazawarar Daurawa tana gaba tana kururuwa. Masu sauran dabbobi suka je suka kwance abinsu. Ɗanladi ya ɓace, har yau ba a sake ganinsa ba. Alƙali ya ɗaure mutumin, aka sayar da filin da jakunansa na kansa aka rage wa mutane asara. Ya fito bayan shekara biyu ba shi da ko akuya.

Amma ɗauri ba shi ne faɗuwarsa ba. Ya nemi gadi, aka hana shi. Ya nemi dako a kasuwa, ba mai ɗora masa buhu ya juya baya. In ya ce an ga wata, sai a tambayi wani. Ya tuba, na yarda ya tuba, yana sahun gaba kowace sallah. Tsakaninsa da Allah wannan, Allah mai gafara ne. Mutane dai ba su sake karɓar maganarsa ba.

Ranar da matarsa ta rasu, wadda ta zauna da shi duk cikin wannan wulaƙanci, ya zo masallaci bayan sallar asuba yana kuka ya ce a taimaka masa da jana'iza. Jama'a suka kalli juna. Liman mutumin kirki ne, bai yi don cin fuska ba, bakinsa ne kawai ya riga shi. Ya juya ya ce wa ladan, "Ƙasimu, je ka gidan ka tabbatar tukuna, kafin a fara haƙa." A gaban mutumin aka faɗa. Ya zauna a bakin masallaci ya haɗa kai da gwiwa, yana jira a je a duba ko matarsa ta mutu da gaske.

Ya 'yan uwa, cin amana yana daga alamomin munafunci, haka rantsuwa a kan ƙarya tana daga manyan zunubai, azabtar da dabba kuma za a tsaya a kansa ranar hisabi. Mutumin nan ya haɗa ukun a yini ɗaya. Kada wani ya ce ai ni ba na kiwon jaki. Kai da aka bar wa shago, kai da aka ba babur, kai da aka zaɓa jiya aka danƙa maka haƙƙin unguwa, me aka ba ka riƙo? Yana nan yadda aka ba ka? In ba ya nan, tashi daga nan ka je ka faɗa wa mai shi da bakinka, tun ana yarda da bakin.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, ya sa mu tausaya wa abin da ya sa a ƙarƙashin hannunmu. Ya jiƙan Malam Isyaku, ya gafarta wa wancan bawa, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.