Ana Neman Mista Ikon Allah

Akwai wani mai gadi, Haladu, mutumin Gumel, da ke tsaron wani bene a Fereej Abdel Aziz, wata unguwa a ƙasar Larabawa. Da kullen korona ya zo, benen ya watse, ya rage daga shi sai wani tsohon injiniya ɗan Taiwan, Mista Kuo. Kaɗaici na cin kowannensu, amma iyakarsu gaisuwa.

Kullum Haladu kan tarar da lemo uku a faranti bakin tagar tsohon. Bawan Allah ya ɗauka sadaka ce, sai ya ɓare ya sha abinsa. Sai da ya yi mako guda sannan ya lura da ɗan gunki da turare a bayan farantin.

Hankalinsa ya tashi. Issifu, abokin ɗakinsa a can masaukin ma'aikata, da ya ji labarin har da riƙe ciki don dariya: "Kai, ka shanye abincin gunki! Khalas, shi ke nan, fita harkar mutumin nan."

Haladu ya daina gaishe shi. Bayan kwana biyar tsohon ya sauko da takunkumi a fuska.

"Lemon ba komai," ya ce da Turanci. "A garinmu in an gama addu'a tare ake sha, ni kuwa ba ni da kowa. Kakana ya gina ɗakin bautar ƙauyenmu. Ni kaɗai na san tarihinsa, ina tsoron in mutu da shi a nan."

Tausayi ya kama Haladu. "Lemonka dai na sha na ƙarshe, addinina ya hana. Amma kunne ina da shi."

Daga ranar, kowace la'asar Haladu kan riƙe waya yana naɗar muryar tsohon: yadda masunta suka tsira daga guguwa suka kafa bukkar bauta don godiya, ambaliya ta cinye ta har sau biyu, mata suka yi ta jidar bulo har aka gina ɗakin. Wata biyu suna haka, sai motar asibiti ta tafi da Mista Kuo. Bai dawo ba. Haladu ya tura muryoyin ga lambar da ya bar masa, ya ci gaba da gadi shi kaɗai.

Ana tsakiyar gasar kofin duniya a ƙasar, wata mata ta tsaya a ƙofar benen.

"Ina neman Mista Ikon Allah."

'Yar marigayin ce. Ashe duk inda tsohon ya numfasa a muryoyin, sai a ji Haladu ya ce, "Ikon Allah!" Mutanen ƙauyen suka ɗauka sunansa ke nan, haka suka rubuta shi a littafin tarihin ɗakin bautar.

"Ban samu ganin babana ba," ta ce. "Amma na ji yana dariya, na san ba shi kaɗai ba ne."

Haladu ya juya baya yana share ido.

Darasi: Kana iya riƙe addininka gam ba tare da ka wulaƙanta wanda ba naka ba. Saurare ma sadaka ce. Ku tura wa wanda ke aiki a ƙasar mutane.