Tunau da Maɗacin da Aka So Har Ya Mutu

Tun kafin a san hanyar fatake a arewacin Dutsen Gwanki, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Ba jarumtarsa aka fi tunawa ba, shegen son sanin ƙwaƙwaf ne da shi. Yakan bar barewa ta tsere don ya tsaya kallon inda tururuwa ke kai hatsi. Maroƙa kan yi masa kirari: "Tunau ƙanen Hantsi, mai bin sawun ƙwaro, ba ka wuce rami sai ka leƙa!"

Wata shekara da rani ya lura tsuntsaye na fitowa daga tsakiyar kurmi da gashinsu a jiƙe. Ya bi su. Can ya tarar da wani maɗaci wanda maharba suka ce ko kibiya ba ta kai ƙarshensa, ga idon ruwa na ɓuɓɓugowa a gindinsa. Ya koma ya ɗauko yayarsa Hantsi, mai maganin gargajiya, suka kafa bukka. Mutane suka biyo ruwa, maƙera suka biyo mutane.

Maƙeran nan masu narka tama ne, kuma tama ba ta narkewa sai da gawayi. Suka cinye ƙirya, suka koma kan marke, har kurmin da rana ba ta ratsawa ya zama fili. Amma babban maɗacin ba wanda ya ɗaga masa gatari. Uba suke ce masa. Mai ciwon ciki, mai zazzaɓi, mai jego, kowa sai ya je ya sassaƙi ɓawonsa ya jiƙa. Hantsi ta kafa ƙa'ida irin ta masu magani: a sassaƙa gabas da yamma kaɗai.

Sai ga shi wata damina Uba bai yi sabon ganye ba, idon ruwan kuma ya fara ja baya. Hankalin gari ya tashi, don babu wani ruwa kusa. Aka yanka baƙin bunsuru, aka zargi maƙera, aka zargi iskoki. Tunau, wanda furfura ta riga ta cika masa kai, bai zargi kowa ba. Abin ya dame shi ƙwarai, amma tambayar ta fi damunsa: me zai kashe itacen da ba a taɓa sara ba?

Ya ɗora tafin hannunsa a kan tabon gabas, ya fara zagayawa a hankali. Hannun bai taɓa ɓawo ba har ya dawo inda ya fara. Ɓawon gabas da na yamma sun ƙare tuntuni, sai kowa ya riƙa matsawa kaɗan, yana ganin ai ɗan yanki ne. Tabo ya haɗu da tabo.

Ya kira Hantsi ya nuna mata.

"Yaya, ba maƙera ba ne," in ji shi. "Mu ne. Mun yi masa zobe."

Tsohuwa ta shafa itacen, hawaye ya zubo mata. "To yanzu fa, Tunau? Ɓawo ba zane ba ne da za a ɗinke."

Ya ɗaga kai. Rassan sun bushe, amma sun yi 'ya'ya jingim, irin yawan da bai taɓa gani ba. Aka ce da tsufansa ya hau, ya kakkaɓo su, wasu kuma sun ce itacen ne ya zubo masa su da kansa. Ya shuka su kewaye da idon ruwan, ya kafa kwari da bakansa a wurin, ya rantse duk akuyar da ta matso sai ta sha kibiya. Uba ya faɗi kafin kaka. Ruwan ya ragu har sai an yi yasa da ƙoƙo, amma bai ƙafe ba, kuma da itatuwan suka yi inuwa ya dawo. Tunau bai ga dawowarsa ba.

Garin shi ne Kututture, don har yau dattawa kan zauna a kan kututturen Uba su yi shawara. A can, duk mai son sassaƙe sai ya fara zagaya itacen da tafin hannunsa. In ya ji tabo ya kusa taɓa tabo, sai ya mayar da wuƙarsa kube, ya koma gida da ciwon cikinsa.