Wayar da Aka Yanke wa Riga

Akwai wani mutum mai gyaran amfilifaya, wato akwatin nan da ke ƙara wa jita murya har na ƙarshen majami'a ya ji. Na taɓa sanin sunan garinsu, amma ya kuɓuce mini. Ba kome, garin ba shi ne zancen ba.

Wata rana wani tsoho, Baba Irmiya, wanda ya shekara talatin yana kaɗa jita a sujada, ya kawo masa akwatinsa. Ya ce, "Ɗana, abin nan ya koma ƙugi kamar amyar zuma. Ran Asabar za a ɗaura auren autata Rifkatu, kuma tun tana goye na yi mata alkawari ni zan kaɗa mata waƙar shiga. Yatsuna sun fara ƙi, ban san ko za su kai wani auren ba."

Mai gyara ya buɗe akwatin, ya ga wayar da ke ɗauko muryar jita ta ruɓe. Ita kuwa ba kowace waya ba ce. A tsakiyarta akwai siririn zare mai ɗaukar waƙa, a kewaye da shi kuma akwai riga ta jan ƙarfe, saƙaƙƙiya kamar kitso. Rigar ba ta ɗaukar waƙa ko kaɗan. Aikinta shi ne ta tare hayaniyar da ke yawo cikin iska, ta zubar da ita a jikin ƙarfen akwatin, don zaren ciki ya wuce lafiya.

Sai ya sa reza a aljihu ya shiga kasuwa. Duk shagon da aka miƙo masa waya, sai ya fere bakinta ya duba. Wata kauri gare ta kamar igiyar guga, amma roba ce zalla. Wata tana da riga, amma zare huɗu ne kawai, ko kaza ba za su tare ba.

Wani mai shago ya ce, "Haba Malam, waya ai waya ce! Surukarka za ka zaɓa?"

Mai gyara ya ce, "Da suruka ce da na haƙura da wadda na samu."

Kwana uku yana yawo, ko huɗu ne, har ya kai wurin masu tsohon ƙarfe. A cikin wani mataccen injin ɗaukar murya ya sami kamu ɗaya na waya ta gaske, rigarta a cike, ba inda haske ke ratsawa. Ya kawo ta gida da murna, ya sa ta. Ya murɗe bakin rigar ya zama ɗan wutsiya, ya liƙa shi da dalma a jikin akwatin. Ya kunna. Shiru, sai muryar jita kaɗai, garau.

To, akwai wani dattijon ikkilisiya, Dattijo Zakka, mai riƙe da mabuɗin ɗakin kayan kiɗa. A ƙuruciyarsa ya yi aikin ja wa gidaje wuta, kuma a wannan aiki, waya tsirara a jikin ƙarfe mutuwa ce. Ran Juma'a, da aka mayar da akwatin majami'a, ya leƙa bayansa, ya ga wutsiyar nan. Ya ce a ransa, "Wannan zai kashe mana Baba." Bai tambayi kowa ba, ga shi kuwa shagon mai gyara bai fi taku ɗari ba. Ya zaro filaya ya datse ta.

Ran Asabar majami'a ta cika. Amarya ta tsaya a bakin ƙofa. Baba Irmiya ya rungumi jitarsa, aka kunna akwatin. Sai ƙugi ya tashi, a cikin ƙugin kuma sai ga muryar wani mai rediyo yana tallar maganin basir. Matasa suka fashe da dariya. Zumuntar mata suka rufe baki da gyale. Tsoho ya kaɗa sau ɗaya, sau biyu, sa'an nan ya ajiye jitar a cinya, ya sunkuyar da kai.

Dattijo Zakka ya ce, da muryar da kowa zai ji, "Masu gyaran zamani ke nan."

Mai gyara ya taso daga kujerar baya. Ya juya akwatin, ya ga wutsiyar a datse, yankan filaya, tsaf. Ya ɗaga ido ya dubi dattijon. Dattijon ya dubi rufi. Magana ta zo wa mai gyara har leɓe, amma ya hangi amarya tsaye a ƙofa, ba ta san ko ta shigo ko ta koma ba. Babu lokacin narka dalma. Ya zaro sukundireba mai ƙotar roba, ya durƙusa a bayan akwatin, ya danne guntun rigar a jikin ƙarfen. Ƙugin ya ɗauke.

Ya ce, "Baba, kaɗa. Ina riƙe."

Tsoho ya kaɗa. Baiti biyar ne waƙar, ya maimaita na ƙarshe, Rifkatu tana tahowa tana share hawaye. Duk wannan lokaci mai gyara yana durƙushe, bai saki ba.

Da aka tashi, mutane suna cin shinkafa suna cewa, "Ka ga aikin banza? Sai da ya riƙe da hannu!" Dattijon yana tsakiyarsu, filaya tana aljihunsa, yana cin tasa shinkafar.

Ga ma'anar wannan misali, 'ya'yana. Zaren ciki shi ne bangaskiyarku, siririya ce, hayaniyar duniya kuwa ta cika iska. Rigar ita ce mutanen da Allah ya kewaye ku da su, waɗanda ba a jin muryarsu a gaba: kakar da ke kiran sunanka cikin addu'a, uwar da ke tambaya ina ka fito. Ƙarfen akwatin shi ne Almasihu. Rigar da ba ta manne da shi ba, ado ce kawai.

Ni tsoho ne, ba na son faɗa, amma wannan abu yana tafasa mini zuciya. Ban yi fushi da dattijon don ya yanke ba, gama tsoro ne ya sa shi. Na yi fushi don ya ga ɗan'uwansa a durƙushe yana ɗauke da kunyar da ba tasa ba, ya kuwa ci shinkafa ya ƙoshi. Mu ma haka muke yi. Mukan datse abin da ba mu gane ba, in ƙugi ya tashi mu nuna wani da yatsa.

Na manta abubuwa da yawa, amma ban manta waɗanda suka durƙusa domina ba. Kai kuma da filaya take aljihunka yau, ka san kanka. Shagon bai fi taku ɗari ba. Tashi ka je.