Jar Shinkafar Haripada

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu na bakin teku a Bengal, sunansa Haripada. Taurin kansa ya fi gonarsa suna, kuma ni ma na sha yi masa dariya, ba zan ɓoye ba.

Da aka kawo mana sabon irin shinkafa mai cika rumbu, kowa ya rungume shi. Shi ma ya shuka, amma duk damina sai ya ware gefe guda ya dasa tsohon irin kakanninsa, wata doguwar jar shinkafa da ba ta wani auki.

Matarsa Malati takan ce, "Maigida, ka zuba ta a tulu ka rufe mana, mu huta da tsiyar mutane."

Shi kuwa ya ce, "Irin shinkafa ba gwal ba ne. Ya shekara biyu a tulu ya mutu. In kina son ki ajiye shi, shuka shi za ki yi."

Shekara goma sha bakwai yana wannan wahala.

Sai guguwa ta fasa madatsar da ke tare mana teku, ruwan teku ya yi sati uku a gonaki. Da ya janye, ƙasa ta yi fari fat da gishiri. Sau biyu muna yafa sabon iri, yana tsirowa yana ƙonewa.

Nan Subal ya bayyana, ɗan garin ne da ya yi arziki da kiwon jatan lande. Ya tara mu da takarda a hannu, wai mu dangwala yatsa mu ba shi hayar gonakin, ya sako ruwan teku ya mai da su tafkunan kiwonsa. Kowa ya san gonar da aka mayar tafkin gishiri ba ta sake ba da shinkafa. Amma yunwa ta sa muka fara tunanin dangwalawa.

Haripada ya ce, "Ni ba na dangwalawa."

Subal ya yi murmushi. "Haba Baba, ƙasar nan ta mutu. Gishiri za ka kai wa Inna ta dafa?"

"Je ka tambayi uwarka abin da aka ci a garin nan da teku ya shigo kafin a haife ka. Jar shinkafar nan ce, ita ba ta tsoron gishiri."

Buhu biyu kacal na jar shinkafar Haripada yake da shi. Ya raba wa gida arba'in, da sharaɗi ɗaya: abin da za a girbe bana iri ne, ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga tukunya ba.

Mun sha wuya a shekarar nan. Maza suka tafi birni dako, aka rayu da ganye da ƙananan kifi. Gida uku suka kasa, suka dangwala, kuma har yau ban ga laifinsu ba. Sauranmu muka girbe shinkafa, muka ɗaure bakin buhu da yunwa a cikinmu.

Da damina ta zagayo, Subal ya dawo da takardarsa. Ya tarar da mu duka cikin ruwa har gwiwa, muna dashe daga wannan gefen gari zuwa wancan.

Ya tsaya a kan kunyar gonar Haripada yana tattare wando. "Baba, ka sake tunani dai."

Haripada bai ko miƙe ba. Ya ɗaga masa babban yatsa, taɓo na zuba, ya ce, "Yatsun garin nan duk suna da aiki, ɗana. Kauce, kana taka mana iri."

Darasi: Ci gaba alheri ne, amma kada sabon abu ya sa ka bar na hannunka ya mutu, kuma kada yunwar shekara ɗaya ta sa ka sallama abin da jikokinka za su ci. Ku tura wa duk manomin da kuka sani, musamman wanda ake yi wa dariya.