Kurege da Karkatacciyar Saƙa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wata rana Kurege ya tarar da ƙudan zuma sun yi dunƙule a reshen tsamiya, ruwa ya rushe musu gida. Ya durƙusa gaban sarauniyarsu ya ce, "Ranki ya daɗe, ina da amya sabuwa fil. Ku shiga, don Allah na ba ku."

Suka shiga. Ya ɗora amyar a kan dutse, ya rufe da faifan matarsa.

Bayan sati uku ya ɗaga faifai. Ashe sun yi wata saƙa a jikinsa, a karkace, ta tare ƙofa. Sarauniya ta ji kunya ta ce, "Malam Kurege, ɗauke mana wannan, yara ne suka yi."

Ya ɗauke, ya zaga bayan tsamiya ya shanye. Ya lashi yatsu yana tunani.

Washegari ya sa 'yar tsakuwa a ƙarƙashin amya, ta jirkice. Ya leƙa ya ce, "Assha, wannan ma a karkace take!"

Sarauniya ta duba ta ce, "Wallahi kuwa. Ɗauke."

Ya ɗauke, ya shanye. Jibi ya ƙara tsakuwa. "A karkace take!" "Ɗauke." Ya ɗauke, ya shanye.

Ran nan sai ya ce tsakuwa ɓata lokaci ce, ya kinkimo ƙaton dutse ya cusa. Ya zura kai zai yi magana, amya ta gangaro da shi, gungurun-gungurun, har bakin rafi. Kai a ciki, wutsiya a waje, saƙa ta manne masa kunnuwa.

Zuma ta taso, wuuu! Sarauniya ta ce, "Ashe kai ne karkataccen."

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, a yi lissafi. Duk wadda ta harbe ni mutuwa za ta yi, ni kuwa kumburi kawai zan yi. Wa ya yi asara?"

Sarauniya ta ce, "Gaskiyarka. 'Yan mata, ku koma baya. Ina tsofaffi, waɗanda dama yau ko gobe ne?"

Tsofaffi suka fito suna tafi, sun fi ɗari. Suka sauke masa a hanci, suka sauke masa a leɓe. Da ƙyar ya fizge kansa ya faɗa cikin laka.

Ya isa gida fuska kamar ƙwarya. Matarsa ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

Ya ce, "Ni ne, Tabawa. Ƙiba na yi, zuma ta karɓe ni."

Ta ce, "To madalla. Tunda ka ƙoshi, tuwon na ci ni kaɗai."

Ƙurunƙus, ta ƙare nan. Darasinta kuwa, in za ka yi wa zuma wayo, ka fara ƙirga tsofaffin gidan. Wannan leɓen nawa da kuke ta kallo, ni ma ƙiba ce. Kada wanda ya sake tambayata.